Karkatar iska a bakin fiffiken tabain: asarar ƙarfi ce ko ƙuna?

Ɗan Ƙofar Sauri:
Assalamu alaikum. Aikina na kammala karatu a kan tsayayyun fuka-fukan sahun farko ne na injin tabain mai gas. Jiya na yanka kwali da siffar fiffike, na kunna turaren tsinke, na sa fanka a gaba. Da iska ta zo saiti, hayaƙin ya kwanta a doron kwalin lumui. Ina ɗan karkata fankar sai ya saki doron ya hau murɗewa. A injin gaske, wannan ƙarfi kawai yake ci, ko har ƙarfen yake ƙonawa? Abin ya hana ni barci.

Injiniya daga Daura:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Duka biyun. A goshin fiffike akwai ɗigon da iska ke tsayawa cak kafin ta rabu biyu, kuma nan ne wuta ta fi ci. In kusurwar da iska ke bugo fiffike ta ƙaru, ɗigon sai ya zame wajen cikin fiffike, iskar ta zagayo goshi da gudu, ta kasa riƙe doro. Asarar ke nan da ka gani da idonka.

Amma ni ƙunar ta fi tayar mini da hankali. A manyan injinan zamani iskar da ke fitowa daga ɗakin wuta, inda ake ƙone mai, tana haura digiri 1,400 a ma'aunin Celsius, zafin da ƙarfen nikel ba zai jure shi tsirara ba. Shi ya sa ake huhhuda goshin, a turo iska daga kwamfireso, wato sashen da ke matse iska, ta lulluɓe shi kamar mayafi. An jera hudojin ne bisa inda ake zaton ɗigon zai zauna. Ya gusa? Mayafin ya tattare gefe ɗaya, ɗayan gefen ya sha wuta. Na taɓa riƙe fiffiken da aka ciro, gefe guda ya tsattsage, ɗayan garau.

Malama daga Ƙofar Ƙaura:
Kar ka ɗauka kusurwa ɗaya ce daga gindi har sama. Ɗakin wuta murɗa iska yake, sai gindin fiffike ya ga wata kusurwa, kansa ya ga wata. Ka sa wannan a rahotonka. Ga kuma ƙurar hunturu irin tamu, in ta tsallake matatar iska tana iya toshe hudojin.

Ɗan Ƙofar Sauri:
Allah ya saka da alheri, Yaya. Malama, na gode. Gobe zan huda kwalin da allura, in karkata fankar ɗaya ɓangaren in ga ko cikin ne zai saki hayaƙin.