Farashina ne mafi ƙasa amma wani aka ba kwangilar, ya abin yake?

Mai_Bulo:
Assalamu alaikum 'yan uwa, masu sanin harkar kwangila don Allah ku fahimtar da ni. Ƙaramar hukumarmu ta yi tallan gyaran ajujuwa biyu a wata firamare, rufi da silin da fenti, na sayi fom na cike na jefa a akwatin tenda. Ranar buɗewa ina zaune a wajen, da kunnena na ji ana karanto farashin kowa, nawa ne ƙasa har na kusa da ni ya miƙo hannu yana min barka. Bayan sati uku kawai na ga tifa tana juye yashi a makarantar, aikin na wani ne. Wallahi abin ya tsaya min a rai.

Injiniya_Zariya:
Wa alaikumus salam. Malam, karanto farashi ba shi ne zaɓe ba. Bayan an watse kwamiti ke zama, kuma takardu suke fara dubawa, rajistar CAC (hukumar rajistar kamfanoni), takardar biyan haraji ta shekara 3, shaidar ayyukan da ka taɓa yi. Ɗaya ta ɓace ko ta ƙare an ajiye ka gefe, ba wanda zai kalli kuɗinka. Cikin waɗanda suka tsallake ne ake ɗaukar mai sauƙi. Sannan injiniyan sashen ayyuka yana da nasa ƙiyasin, in ka karya farashi da yawa cewa za su yi wannan kwanon ƙarya zai sa mana ko ya gudu ya bar aikin.

Mai_Bulo:
Kai, takardar harajina ta bara ce, sabuwar ba ta fito ba na haɗa da tsohuwar.

Hajiya_Sufla:
To ɗana ka ga inda aka kama ka. Amma gaskiya ɗaya ce, ni na daɗe ina kai wa ƙananan hukumomi benci da tebur, akwai inda kafin a manna talla an riga an san mai aikin, sauran mu cika lissafi ne. Duk da haka ka gyara takardunka, kar ka ba su hujja da hannunka.

Dan_Unguwa:
Ka rubuta wasiƙa ka nemi dalilin cire ka a rubuce, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Dokar tarayya ta 2007 ita ta kafa BPP, hukumar sa ido kan ba da kwangilolin gwamnatin tarayya, amma aikin ƙaramar hukuma galibi dokar jiha ce ke binsa, kamar mu nan Kaduna akwai KADPPA, hukumar jiha mai wannan aikin. Tunda Kotun Ƙoli ta ce a Yulin 2024 a ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, dole mu riƙa tambaya.

Mai_Bulo:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Litinin in sha Allah ofishin haraji zan fara zuwa, daga can in kai wasiƙar.