Muhawara: Daga Afirka Art Blakey ya ɗauko kiɗansa?

Ɗan Fagge: Ni dai ina nan a kan bakana, salon gangar Art Blakey, makaɗin jazz ɗan Amurka, namu ne na Afirka. A ƙarshen shekarun 1940 ya ce ya zo Afirka ta Yamma, ya musulunta, ya zama Abdullah ibn Buhaina. Ku lura da yadda yake danna fatar ganga da gwiwar hannu don ta sauya murya. Ba abin da mai kalangu ke yi ba ke nan idan ya matse shi a hammata?

Maman Hanifa: Yaya, ai tun kafin tafiyar ya riga ya shahara. A Pittsburgh aka haife shi a 1919, kuma daga 1944 zuwa 1947 shi ke kaɗa wa ƙungiyar Billy Eckstine, wadda manyan makaɗan jazz Charlie Parker da Dizzy Gillespie suka yi wasa a cikinta. Shi da bakinsa ya ce neman ilimin addini ne ya kai shi, ba koyon kiɗa ba.

Ɗan Fagge: To faifan The African Beat na 1962 fa? Solomon Ilori, makaɗi ɗan Najeriya, yana ciki. Ga kuma Orgy in Rhythm a 1957, makaɗa sun taru cike da ɗaki.

Malam na Damagaram: Waɗannan gaskiya ne, ɗana, amma nawa ne cikin abin da ya bari? Yawancin aikinsa a Jazz Messengers yake, ƙungiyar da suka kafa da Horace Silver, ya riƙe ta har rasuwarsa a 1990. Saurari faifan Moanin' na 1958 a kamfanin faifai na Blue Note, tare da makaɗa Lee Morgan da Bobby Timmons. Amsa-amon da ke ciki na cocin baƙaƙen Amurka ne. Abin da ke damuna, idan muka ce komai namu ne, mun danne wahalar da suka sha kafin su gina wannan kiɗa.

Maman Hanifa: Kuma shi kansa ya sha nanata cewa jazz kiɗan Amurka ne.

Ɗan Fagge: Na yarda da batun Moanin', Malam. Amma kakannin masu waƙar cocin nan daga ina aka kwaso su? Mutum yana iya cewa bai je koyo ba, kunnensa kuma ya koya.

Malam na Damagaram: Wannan wata magana ce daban. Asalin kiɗan kake nufi, ko tafiyar Blakey? Ka tsaya a kan ɗaya mu auna ta.