"Fushin fari ba naka ba ne": har a waya ma?

Dattijon Zaure: Jama'a, wannan karin maganar ta tsaya mini a rai. Da can nufinta, in an taɓa ka, haɗiye fushin farko har ka ji ba'asi. Yanzu bidiyo na sakan talatin ya isa a zagi mutum har iyayensa kafin la'asar. Tana da sauran aiki kuwa?

Ɗan Sabon Gari: Baba, Allah ya ƙara girma, ni tsoronta nake. Da ita ake rufe bakin talaka. A Oktoban 2020 fushin matasa a Twitter ne ya fito titi, ranar 11 ga wata aka rusa SARS, rundunar 'yan sandan Najeriya ta yaƙi da fashi. A Kenya ma, a Yunin 2024, sai da matasa suka harzuƙa Shugaba Ruto ya janye ƙudirin dokar ƙarin haraji. Da sun yi haƙuri fa?

Malama Uwar Marayu: Ɗana, ai wannan ba fushin fari ba ne. Shekara da shekaru ana kuka da SARS. Na fari shi ne wanda ke kama ka kafin ka san ko hoton na bana ne ko na wata ƙasa. A Indiya, a 2018, jita-jitar satar yara a WhatsApp ta sa aka kashe baƙi da ba su ji ba ba su gani ba, har kamfanin ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar.

Mai Gyaran Waya: Malama ta faɗi gaskiya, kuma ni a zahirinta nake ɗaukarta: ba naka ba ne, na masu manhaja ne. Takardun Facebook da suka fito a 2021 sun nuna a 2017 an ba alamar fushi da 'yan uwanta makin "like" biyar wajen zaɓen abin da za a nuna maka. Abin da ya fi tunzura mutane shi ake turo maka, ka daɗe kana kallo, su sayar da talla. Kai kuwa ka kwana ba barci, zuciya na tafasa.

Ɗan Sabon Gari: To Yaya, yaushe fushin zai zama nawa?

Malama Uwar Marayu: In ka kwana, ka bincika, ka tashi yana nan. Abin da ke cin raina masu ƙaramin jari ne. Mai sayar da abinci, a yi mata ca kan zargin da ba a tabbatar ba, ciniki ya mutu. Ko gaskiya ta fito daga baya, wa zai dawo mata da masu saye?

Ɗan Sabon Gari: Na yarda da ta mai abinci, Malama. Amma kan masu mulki, ban sauka ba tukuna.