Jeren amarya da ƙore da faya-fayai: bara duk sun lalace min, ina na kuskure?

Uwar Biyu, Garwa

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sani ku taimaka min. Autarmu za a kai ɗaki a Janairu in Allah ya kai mu, an ce sai an sayar da auduga tukun, kuma tunda Dada ta rasu ni ce uwa ni ce yaya, jere a kaina yake. Kayan zamani za a saya daidai ƙarfi, gado da kuloli da sauransu, amma bango ɗaya nake so in yi mata shi irin na Dada, ƙore a kife manya da ƙanana, faya-fayai masu launi a sama, asabari a ƙofa, ragaya a lungu. Wlh har yanzu in na rufe ido ina jin ƙanshin ɗakin nan, ita ko yarinyar shekararta 6 aka rushe shi bata ma tuna ba, shi yasa abin ya tsaya min a rai. Fulawar roban nan da kowa ke mannawa wata biyu ta kwashi ƙurar hunturu ta koma kamar tsumma.

To bara na gwada don in koya. Na ɗebo duma 9 a gonar kawunmu ta wajen Pitowa, suna kore shar, na fafe su ranar, na kwashe cikin da cokali na zuba su a buhun leda na tura ƙarƙashin gado. Da na buɗe bayan sati biyu duk sun yi fumfuna baƙi ƙirin, 3 sun motse kamar fuskar tsohuwa 2 sun tsage. Kaba kuma na sayi garura ja a kasuwa na jiƙa ta a ruwan sanyi, da ta bushe ta yi kyau abinta, na ɗinka faifai guda da ƙyar, ranar da na rufe kunun maigida da shi tururi ya taso sai ga ja na ɗiga cikin kunu. Kunya kamar in nutse.

Yanzu muna tsakiyar Nuwamba. Zan samu kuwa? Me ake fara nema, kuma da me iyayenmu ke rini da baya zuba?

Goggon Yara, Marwa

Wa alaikumussalam ɗiyata. Jikata ce ke rubuta min, ni faɗa nake. Allah ya ji ƙan Dadarku, ya sa ki gama lafiya. Kin yi dabara da kika tambaya yanzu don ba a fafe gora ranar tafiya.

Dumanki ba su ƙosa ba, laifin kenan na farko. Duma ba a cire shi sai yaɗon ya bushe, hancin nan da ya riƙe shi ya zama kamar igiya, ki ƙwanƙwasa da ɗan yatsa ki ji ya amsa miki kamar ƙofa. Yanzu ne lokacinsa daga nan har Disamba. In kin fafe kada ki yi gaggawar kwashe totuwar, ki cika su da ruwa ko ki danna su cikin tsohuwar randa su yi kamar mako guda, wari zai yi kam, ki kai bayan gida, amma ruɓewar nan ita ke sa cikin ya saki da kansa kuma ɗacin ya fita. Sai ki kankare da ɓallin tukunya ko bakin cokali, bayan ma ki goge wannan fatar ta sama da yashi mai laushi, in kin bar ta ita ke jawo tabo. Shanya a inuwa inda iska ke wucewa, a kife, kina juyawa. Ranar tsaka tana tsaga su, leda kuma ai kin ga abin da ta yi miki. Masu tsagewa kada ki yar, gyartai na ɗinke su.

Zane iri biyu muke yi. Akwai ƙuna, wuƙaƙe biyu ko uku a garwashi, kina aiki da ɗaya sauran na yin ja, hannu kada ya tsaya wuri ɗaya sai ya huda. Matan Fulani sun fi kowa iya wannan, ita ƙwaryar tummude suke ce mata, in kin je kasuwar Pitowa ran Lahadi ki tsaya ki kalli hannunsu ko rabin awa ne ya fi duk abin da zan faɗa miki. Na biyu ki sassaƙa da wuƙa mai sanyi sai ki shafa baƙin tukunya da ɗan man shanu ki goge da tsumma, baƙin ya zauna cikin zanen. Wannan ya fi sauƙi ga mai koyo, da shi za ki fara.

Rini kuma, kaba sai an dafa ta, ruwan sanyi baya shiga jikinta, ko garurar ce. Ja namu karan dafi ne, wata dawa ce da ake shukawa ba don ci ba, jan ɓawon da ya lulluɓe karan ake ɓarewa a daka a tafasa da 'yar kanwa, ki tura kabar ta dahu a ciki har ruwan ya huce. Ja ne mai duhu irin na fatar dukawa. Baƙi ki tafasa bagaruwa, wadda majemanmu na Marwa ke jima da ita, kaba ta kwana ciki, gobe ki binne ta a baƙin taɓon bakin tafki kwana biyu, in ba taɓo ruwan da tsatsar ƙarfe ta jiƙa ma yana yi. Ruwan ɗorawa kuma saiwar rawaya, in babu kurkum, amma kurkum baya jure rana, kada in ɓoye miki. Kowanne ki ɗauraye har ruwa ya fita fari kafin ki sa basilla. Kuma faifan rufe abinci a bar cikinsa fari, ado a baya ake yi.

Maman Boy, Ngaundere

Adda kiyi haƙuri zan faɗi nawa, ba don in kashe miki gwiwa ba. Kin yi tunanin dangin miji? Ranar ganin ɗaki mata basu da kirki wlh, ni a gabana aka ce wa wata amarya an kawo ta da kayan ƙauye don kawai an ga tabarmar kaba, yarinyar nan kwana ta yi tana kuka. Ke niyyarki tuna Dada, su abin da za su gani rashin kuɗi. Ki tambayi ita amaryar tukun, ita zata zauna dasu ba ke ba. Sannan gara mai cin kaya, mu nan da damina ke daɗewa abin kara ko ciyawa baya shekara, ban san Garwa ba.

Malamin Lakwal, Gidar

Hajiya sannu da ƙoƙari. Rini ba fannina bane Goggo ta gama magana, amma kara na san shi, duk shekara ni da yaran ajina muke aikin hannu da shi kafin bikin matasa na 11 ga Fabrairu, motar kara, keji, tabarau, ƙaramin masallaci har da hasumiya. Ba ƙusa ba gam, ɓawon karan ake tsagawa siriri a soka cikin totuwar ya riƙe. Ki ba 'yan biyunki su yi wa antinsu firam na madubi ko ɗan akwatin turare, yara sun fi mu haƙurin wannan aikin kuma za su yi alfahari da shi.

Kara sau biyu muke samu a nan arewa, mutane na mantawa. Na damina yanzu yake a gona, sai na masakwa da ake dasawa a karal, wato ƙasar laka, in ruwa ya janye, shi sai Janairu zuwa Fabrairu ake girbe shi, bikinku ba zai jira shi ba. Ki ɗebi na yanzu kafin shanu su shiga, ki zaɓi sille miƙaƙƙe wanda ba huda, mai huda akwai tsutsa ciki zata ci gaba da ci har a bangon amarya kina ganin gari na zuba. Kuma a buga tarin da sanda kafin a sa hannu, kunama na son ƙarƙashinsa, yarona ɗaya ya sha harbi haka.

Abu ɗaya nake roƙo, idon zakara, 'ya'yan nan ja masu ɗigon baƙi da ake sha'awar yin sarƙa ko a manna a ƙwarya. Guba ne mai kisa in aka tauna, ko mai huda shi da allura in ya soki yatsa yana cikin haɗari. Gidan da za a haifi yara kada ya shiga. Ƙwallon tsamiya da na dabino in aka wanke aka shafa musu mai suna sheƙi, sun isa.

'Yar Kuseri a Injamena

Salam. Anti ni ɗinkin faifai nake yi ina sayarwa, nan tabak suke ce masa da Larabcin Cadi, tabarma kuma birish. Gaskiya ɗaya zan faɗa miki, wata biyu ba zai ishe ki ɗinka na bango guda ba in hannunki bai saba ba, ni da na saba babba mai zane yana cin min kwana 5 zuwa 6 ga girki ga yara. Kiyi 3 ko 4 da hannunki don albarka, sauran ki rina kabar da kanki ki kai ma tsofaffin unguwa ki biya su, suma sun samu na goro.

Wajen sayen kaba ki duba sabon toho wanda bai buɗe ba, shi ne fari mai laushi, wanda ya buɗe ya yi kore na igiya ne da tsintsiya. A tsaga a shanya a inuwa, in za ki ɗinka ki yayyafa ruwa ki naɗe a ɗanyen tsumma, busasshiya karyewa take a basilla. In kuma da kanku za ku yanko dan Allah kada a kwashe tohon gindi ɗaya duka, kabar nan ita ce goribar da bata girma ba, yawan yanka ne ke hana ta tashi, shi yasa kusa da gari sai ki ga kaba ko'ina amma ba bishiya. Ciyawar ciki kuma ki nemi jema ta fadama, bakin Binuwai ba za a rasa ba, yanzu take bushewa kafin a fara sa wa daji wuta. Saiwarta ma ƙanshi gare ta, ki ƙulla kaɗan ki jefa cikin adudun kaya.

Maman Boy, maganarki akwai gaskiya amma abin ya fara juyawa. Nan tun da aka hana leda a 2010 kwandon kaba ya dawo hannun mata, yanzu matan manya ne ke min odar tabak na bango. Ku zo Gawi nan kusa damu ku ga yadda matan Kotoko ke zane bangon gida da ƙasa mai launi, baƙi har daga Turai suke zuwa kallo.

Goggon Yara, Marwa

Maman Boy ɗiyata kin yi daidai da kika ce a tambayi yarinya, wannan ban musa ba. Amma masu cewa kayan ƙauye, a tambaye su lefen da suke taƙama da shi menene asalinsa? Kwandon kaba ne, shi ake kira lefe, a ciki aka kawo nawa, sunan ne ya bi akwati. Ni abin da na sani jere in an yi shi da tsabta, ƙore sun bi girma, launi bai wuce uku ba, ba mai raina shi. Wanda ake rainawa wanda aka tara birjik ne ba tsari.

Gara kuma daga ƙasa take hawa, kada komai ya taɓa ƙasa ko ya manne da bangon laka, a rataye, a riƙa saukewa ana kakkaɓewa duk wata, da damina a ɗan nuna musu hayaƙi. Mu da makuba muke yi wa daɓe da gindin bango, ɓawon ɗorawa ake jiƙawa, amma ɗorawa sai bazara take nuna, wannan ki bar wa baɗi.

Uwar Biyu, Garwa

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, Goggo Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, a gaida jikar da ta sha rubutu. Maman Boy na bi shawararki na tambaye ta daren jiya, ta yi shiru can ta ce ita dai kada a sa a falo inda 'yan ganin ɗaki za su zauna, amma a uwar ɗaka tana so, har ta ce ko akwai abin Dada da ya rage. Akwai ludayi ɗaya da wata 'yar ƙwarya mai ɗinki biyu a wajen yayanmu, na aika a karɓo, ita za a sa a tsakiya.

Na kira kawu ya ce yaɗon ya bushe tun satin da ya wuce, ran Lahadi zan je in haɗa da kasuwa in tsaya wajen masu ƙuna kamar yadda kuka ce. Bagaruwa na samu wajen mai maganin gargajiya cikin kwano. Karan dafin ne na zaga ban gani ba, wata ta ce in tambayi dukawa. Goggo in ban samu a nan ba zan iya turo kuɗin mota a sako min daga Marwa? Kamar ƙulli nawa zai rina kabar faifai 10?