Dokin nan mai gashin ƙafa ba ya daina buga ƙasa: ƙazwa ce ko me?

Mai_Kob:

Assalamu alaikum masana harkar dawaki. Ina neman shawara a kan wani doki da nake kula da shi a wata barga a arewacin Ingila, irin Gypsy Cob ɗin nan masu gashi da ke saukowa daga ƙwauri ya rufe kofato. Shekararsa 9, nauyinsa wajen kilo 550. Tun da sanyi ya shigo yake ta buga ƙafafun baya a ƙasa, yana goga ɗaya da ɗaya, wani lokaci ya sunkuya ya ciji wurin. Da na buɗe gashin sai na tarar da ɓamɓaroki da amosani a bayan ƙafa, tsakanin kofato da gaɓar da ke samansa, wani wurin ma ya tsage yana fitar da ruwa. A bayan gwiwar gaba kuma akwai ɓawo mai kauri. An ba shi maganin tsutsa na aibamektin ta baki, ya lafa na ɗan lokaci ya dawo. Ƙwaron ƙazwa ne ko taɓo ne ya ci ƙafar? Dole ne sai an aske gashin? Wane magani, kuma sau nawa?

Likitan_Barga:

Wa alaikumus salam. Malam, buga ƙafa da cizo a irin wannan doki, kuma a lokacin sanyi, kusan kullum ƙwaron nan ne da ake kira Chorioptes. Shi ne yake addabar dawaki irin Shire da Clydesdale da Friesian da duk mai gashin ƙafa. Girmansa bai kai rabin milimita ba, don haka kada ka ce ba ka gan shi ba. A tabbatar tukuna: a tsefe amosanin a kan takarda, ko a manna salatif mai haske a gefen ciwon a ɗaga, a duba a madubin likita. A yi gaggawar dubawa, don ƙwaron yana da saurin tafiya. Idan ba a gan shi a karo ɗaya ba, hakan bai wanke shi ba.

Dalilin da aibamektin ta baki ba ta gama da shi ba: wannan ƙwaro ba ya haƙa fata, ba ya shan jini. A saman fata yake zaune yana cin matacciyar fata da maiƙo. Maganin da ke yawo a cikin jini kaɗan ne yake isa gare shi, sai ya rage yawansu kawai. Ga kuma ƙwai. Daga ƙwai zuwa babban ƙwaro wajen mako uku ne, kuma yawancin magunguna ba sa kashe ƙwan. Duk maganin da aka yi sau ɗaya aka tsaya, aikin banza ne.

Tsarin da nake ganin ya fi: a aske dukkan ƙafafu huɗu har sama da gwiwa, ba masu ciwon kaɗai ba. A wanke da shamfu mai sileniyam salfaid kashi 1 cikin 100, a murza ya kai fata, a bar shi minti 10, a ɗauraye sosai, a busar. A yi haka a rana ta 1, ta 5 da ta 10. Wannan yana cire ɓawon da ƙwaron ke ɓuya a ciki, yana kuma kashe shi.

Bayan haka a zaɓi ɗaya daga cikin uku. Na farko laim-salfa, wato haɗin farar wuta da ake sayarwa a kwalba: a tsarma shi ya zama kashi 5 cikin 100, kimanin mil 50 a cikin ruwa lita 1, amma a bi abin da ke rubuce a kwalbar don ƙarfinsu ya bambanta. A shafa da soso, ba a ɗauraye shi, sau ɗaya a mako har mako huɗu. Yana wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, yana rina farin gashi ya yi rawaya, kuma a sa safar hannu. Na biyu feshin fifronil mai ƙarfin 0.25 cikin 100, irin Frontline na karnuka, a fesa har fata ta jiƙe, a maimaita bayan mako biyu zuwa uku. Na uku allurar doramektin, Dectomax, miligiram 0.3 a kan kowane kilo, a ƙarƙashin fata, sau biyu da tazarar kwana 14. Ga dokin kilo 550 miligiram 165 ke nan, mil 16.5 na ruwan da ke da miligiram 10 a kowane mil. Fifronil da doramektin duk ba a yi musu rajista don doki ba, saboda haka a Ingila likitan dabbobi ne kaɗai zai rubuta su, kuma zai duba fasfon dokin, wato takardar shaidarsa da ke nuna ko za a iya cin namansa, don fifronil ba a sa wa dabbar da za a ci namanta. Allurar kada ka yi ta da kanka. Ni na fi karkata ga wanka da laim-salfa, a ajiye allura don wanda ba ya bari a taɓa masa ƙafa.

Inda fata ta tsage, kada a zuba masa laim-salfa ko feshi sai ya fara warkewa. Zafi zai yi masa, kuma dokin da ya ji wannan zafin sau ɗaya ba zai ƙara tsayawa ba.

Shamakin_Yamma:

Likita ya gama magana a kan magani. Abin da zan ƙara shi ne barga, don nan ne mafi yawan mutane suke faɗuwa. Ƙwaron yana iya rayuwa a wajen jikin doki na makonni, a wuri mai sanyi da laima har wajen wata biyu. Ranar da aka fara magani, a kwashe shimfiɗar ɗakin gaba ɗaya a fitar da ita nesa, a wanke daɓe da bango har tsayin ƙirjin doki, a bar wurin ya bushe ƙarau kafin a zuba sabuwa. Idan karan alkama kuke shimfiɗawa, a koma ɓawon katako ko tabarmar roba na wannan lokaci, ya fi sauƙin tsaftacewa. Burushi da matsefi da bandeji da bargo a wanke da ruwan zafi, digiri 60. Kilifar da aka yi aski da ita ma a tsaftace bakinta, gashin da aka aske kuma a ƙulle a leda a jefar.

Sannan duk dokin da suke kiwo tare ko suke raba burushi, a yi masa magani a rana ɗaya, ko da ba ya susa. Marasa gashin ƙafa sukan ɗauki ƙwaron ba tare da wata alama ba, su mayar wa naka bayan wata guda.

A kan aski na ɗan saɓa wa Likita. Idan ciwon bai yi nisa ba, kuma dokin na gasa ne, ana iya barin gashin, amma da sharaɗi: a raba shi layi-layi da yatsu, a sa magani a gindin gashi, kuma za a ci magani ninki biyu ko fiye. Naka dai da ya riga ya tsage yana ruwa, a aske. Gashi yana tsirowa. A yi amfani da bakin kilifa da ke barin ɗan gashi, kada a kankare, a bi a hankali a kan ɓawo. Idan yana shuri, likita ya yi masa allurar kwantarwa, ya fi a ji wa mutum ciwo.

Baba_Mai_Turke:

Gargaɗi ɗaya nake so ya shiga kunnen kowa, musamman mu da muka saba da maganin kaskar shanu. Kada a kusantar da amitraz, wato Taktic da ire-irensa, ga doki. Yana kashe ƙazwa a jikin shanu, amma a doki yana tsayar da motsin hanji, kashi ya cushe, ciwon ciki mai tsanani ya kama shi, yana iya mutuwa. Haka baƙin mai na inji da kananzir, ƙona fata kawai suke yi.

Wurin da ya tsage kuwa, ƙwaron ne ya buɗe ƙofa, ƙwayoyin cuta suka shiga. Ɗaya daga cikinsu ita ce wadda ke kawo kirci a shanunmu da damina, Dermatophilus, kuma halinta ɗaya ne: tana son fata mai jiƙa, tana zama a ƙarƙashin ɓawo. A tsarma maganin wanke ciwo na kulohekzidin mai kashi 4 cikin 100, awo ɗaya a cikin ruwan ɗumi awo 40, a jiƙa ɓawon minti 10 ya yi laushi. Wanda ya saki da kansa a cire, wanda ya maƙale a ƙyale shi, kada a ɓamɓare har jini ya fito. A ɗauraye, a busar da tawul mai tsabta, kowace ƙafa da nata. Busarwar ta fi wankin muhimmanci. Kuma kada a riƙa wankewa kullum, sau biyu ko uku a mako ya isa, don yawan wanki yana cire maiƙon fata ya ƙara tsaga ta. Man shafawa mai kauri irin basilin ba a sa shi a kan ɗanyen ciwo mai jiƙa, yana rufe cutar a ciki ne. Idan ƙafa ta kumbura ta yi zafi, ko ya fara ɗingishi, ko zazzaɓi ya haura digiri 38.5, a kira likita a ranar, wannan sai da maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Mai_Kob:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Likita ya zo ya duba, ya ga ƙwaron, mun aske. Amma da gashin ya tafi sai na ga fatar bayan ƙafa ta yi ninki biyu masu tauri, kuma ƙafar ta fi yadda nake zato kauri. Wannan ma ƙazwar ce? Ɓawon bayan gwiwa fa?

Likitan_Barga:

Wannan ne babban amfanin askin, Malam, yana nuna abin da gashi ya ɓoye. Ninki mai tauri a wannan wuri, ga kumburin da ba ya sauka, yana iya zama farkon cutar toshewar magudanar ruwan jiki, wadda ake taƙaita sunanta da CPL. Masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ne suka bayyana ta a 2003 a jikin Shire da Clydesdale da manyan dawakin Beljiyam, daga baya aka gan ta a Friesian da Cob. Ruwan da ya kamata ya koma sama daga ƙafa yana taruwa, fata ta yi kauri, ninki ya ƙaru, a ƙarshe ƙulli-ƙulli su fito. Ba ta warkewa, amma ana rage mata gudu sosai, kuma ƙazwa tana cikin manyan abubuwan da ke hura ta, don kowane kumburi yana ƙara lalata magudanan. Ka nuna wa likitanku ninkin, ya taɓa ya tabbatar.

Idan ita ce, ga abin yi. Gashin ya zauna a aske dindindin. Motsi kullum, don tafiya ce ke tura ruwan sama, tsayuwa a ɗaki yini guda kuwa tana ƙara kumburi. Kada a bar shi ya yi ƙiba. A buɗe cikin ninkin kullum a share a busar, da zafi kuma a sa ido a kan ƙuda, don yana zuba tsutsa a ciki. A riƙa duba ƙarƙashin kofato, irin waɗannan dawaki suna yawan samun ruɓewar tsakiyarsa. Akwai tausa ta musamman da ɗaurin bandeji mai matsewa, suna aiki, amma sai wanda ya koya ya nuna maka, don ɗaurin da bai daidaita ba yana yanke fata a bakin ninki. Ka auna kewayen ƙafar da tef a wuri ɗaya kowane wata, ka rubuta, ka ɗauki hoto.

Ɓawon bayan gwiwa kuwa yawanci yawan fitar da keratin ne, abin da ke yin gashin shi ne yake taruwa a wurin lanƙwasa. Akan same shi a bayan gwiwar gaba da gaban gwiwar baya. Ba ya ƙarewa gaba ɗaya. A rage gashin wurin, a riƙa shafa mai mai laushi, ko kirim mai yuriya kashi 10 cikin 100, a goge abin da ya yi laushi da tsumma bayan kwana biyu. Duk sabon mai, har da haɗin man farafin (ba kananzir ba) da farar wuta da masu Cob suke so, a gwada a ɗan ƙaramin wuri a jira awa 48, musamman a farar ƙafa mai jar fata. Ka ƙarasa makonni huɗun na laim-salfa ko da ya daina buga ƙasa tun a na farko, sannan a sake duba amosanin mako biyu bayan wanka na ƙarshe.