Log4Shell ta ƙi kammala aiki a gwajina

Assalamu alaikum 'yan uwa masana tsaron intanet. Ina shirin nuna wa ɗalibai yadda Log4Shell, ɓarakar da aka bankaɗo a Disambar 2021, take aiki, a kan kwamfutata da na cire daga intanet. Na ɗora Log4j 2.14.1, manhajar Java mai rubuta bayanan abin da ke gudana (log), wadda ɓarakar ke cikinta. Da na tura saƙon JNDI (hanyar da Java ke bi ta nemo bayani daga wata sabar), manhajar takan tuntuɓi sabar LDAP ɗina (sabar da ke amsa irin wannan neman), amma daga nan shiru, umarnin ba ya gudana.

Zargina na kan Java, domin tun daga sigarta ta 8u191 aka hana ta ɗauko lambar manhaja (code) daga waje kai tsaye. To in koma tsohuwar Java, ko tuntuɓar nan kaɗai ta isa hujja? Ba na son yaran su ɗauka sabunta Java ya toshe ɓarakar. Don Allah wanda ya taɓa gwadawa ya taimaka.