Bene a Karsana ko gidan ƙasa a Mararaba?

Abban Hanifa: Salama jama'a. An nuna min fulat mai ɗaki biyu a hawa na uku, cikin sababbin benayen Karsana, bayan Gwarimpa a Abuja. Miliyan uku a shekara. Ga kuma gidan ƙasa a Mararaba, rabin kuɗin, sai dai cunkoson Nyanya kullum. Hajiyata tana tare da mu, gwiwa na damunta. Wanda ya taɓa zaman irin benayen nan ya ba ni shawara.

Baffa Kubwa: Kama kawai. Tun da aka aza tubalin gidaje 3,112 na gwamnati a Karsana a 2024 wurin ke tashi.

Maman Walid: Ɗan'uwa, tambayi ruwa kafin komai. Mun zauna hawan ƙarshe a Lokogoma. Injin burtsatse ya ƙone, gida goma sha biyu aka kasa haɗa kuɗin gyara, kowa na cewa ya biya kuɗin sabis. 'Yan garuwa suka ce ba sa hawa sama sai an ninka musu. Ina da tsohon ciki nake jan jarka a matakala. Da zafi ya shigo, kankaren nan ya sha rana, har sha biyun dare bango da ɗumi kamar tanda. Da muka tashi kuma aka riƙe kuɗin ajiyarmu, wai mun ɓata fenti.

Injiniya S.: Hajiya, wannan laifin masu kula da gida ne. Bene in an sa rodi da siminti yadda ya kamata lafiya lau.

Maman Walid: Injiniya, kai gini kake yi, ni kwana na yi a ciki.

Ɗan Zariya: Miliyan uku? Abokina huɗu da rabi ya biya a can.

Baffa Kubwa: An cuce shi. Biyu da ɗari takwas ma ana samu.

Sadiku: Ni ragon layya nake tunani, a baranda za a ɗaure shi? 😂

Abban Hanifa: Jama'a, maganar Hajiyata fa? Babu lifta a ginin.

Ɗan Zariya: Ukun nan da la'ada ko babu? Dillali goma cikin ɗari, lauya goma, ga kuɗin ajiya. Ni dubu goma aka karɓa don a nuna min gida kawai, muka je ashe an riga an bayar.

Maman Walid: Kuma ba su mayar maka ba ko?

Ɗan Zariya: Wallahi har yau ba ya ɗaga wayata.